BASHI BA YA TSAYAWA A BAKIN IYAKA

Kai da kake ji da kunne, da kai da wannan takarda ta faɗo hannunka, ka ba ni hankalinka kaɗan. Maganar yau ta samari ce da 'yan mata waɗanda suka fara neman na kansu. Amma iyaye kada su tashi tukuna, gama maganar za ta biyo ta ƙofarsu kafin mu ƙare.

Akwai wata magana da ta cika tasha da rumfunan shayi a kwanakin nan. Saurayi ya kan ce, "Garin nan ya yi tsada, bashi kuwa ya kai mini wuya. Zan ƙetare. A can abinci da araha, ɗaki da araha. In na yi shekara guda sai in tara, in komo in biya kowa." Wani Nijeriya yake nufi, wani Gana, wani kuwa bai ma san inda yake nufi ba, shi dai ya bar ganin fuskar mai binsa. Ɗan'uwana, ban ce kai wawa ba ne. Wanda ake ƙwanƙwasa wa ƙofa tun da asuba, shi ya san zafin abin. Sai dai ina roƙonka, kafin ka sayi tikitin mota, mu zauna mu yi lissafi tare.

Ka dubi yadda bashin ya shigo. Ba safai ya kan zo gaba ɗaya ba. Ka karɓi babur a hannun mai kuɗi domin ka yi haya, abin da ake kira zemijan, da sharaɗin kana kai masa kuɗi kowace rana har ka biya fiye da kuɗin babur ɗin. Wata uku kome lafiya. Sai taya ta fashe, sai zazzaɓi ya kwantar da kai kwana goma, kuɗin ranakun nan kuwa ba a yafewa. Ka je ka roƙi uwar adashi ta ba ka ɗauka tun kwananka bai zo ba. Ka biya mai babur, amma yanzu zubi yana binka. Ga waya sabuwa da ka ɗauka a biya kaɗan kaɗan. Ga maganar aure, da lefe, da kayan da dangin yarinya suka lissafa. Ga mahaifiya a asibiti. Kowane ɗaya in an dube shi shi kaɗai ba shi da girma. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gaskiya ne. Amma sa'ad da mutum ya fara cin bashi a nan domin ya biya na can, to, rami yake haƙawa domin ya cike rami.

Abin shigowa kuwa kaɗan ne. Tun 1 ga Janairu 2023 mafi ƙarancin albashi a Togo ya tashi daga sefa 35,000 zuwa 52,500 a wata. Wannan fa ga mai aikin da aka rubuta sunansa ne. Yaron shago, da mai tura kura, da mai tallan gwanjo, ba wanda ya rubuta musu kome. A Dapaong kuma akwai wani nauyi na dabam. Tun Nuwamba 2021 aka fara kai hari a wajen Kpendjal, a Yuni 2022 aka sa dokar ta-ɓaci a yankin Savanes, aka yi ta sabunta ta. Mutanen ƙauyuka da yawa sun baro gonakinsu sun shigo gari. Ɗan kasuwan da ya saba bin kasuwannin ƙauye ya rage tafiya, wanda ya ba da kaya bashi a can bai san ranar da zai ga kuɗinsa ba. Saboda haka ba dukan mai bashi ne almubazzari ba, kada dattawa su yi saurin yanke hukunci.

Yanzu fa mu zo ga ruwan kuɗi, gama a nan mutane suka fi ruɗewa. A ƙasashen sefa na yammacin Afirka akwai doka a kan iyakar ruwan da za a ɗora wa bashi. A shekara ta 2014 aka yanke wa ƙananan bankuna da asusun haɗin kai iyaka, kada su wuce kashi 24 cikin 100 a shekara. Ka riƙe wannan kalma, a shekara. To, a ce ka je wurin mai ba da kuɗi a bayan kasuwa, ya ba ka sefa 100,000, ya ce kowane wata ka kawo 10,000 na ruwa. A kunne kamar abu mai sauƙi ne. Ka ƙirga wata 12. Ka ba shi 120,000, uwar kuɗin kuwa tana nan daram, ko dala ba ta ragu ba. Wannan ninki biyar ke nan na abin da doka ta yarda. Irin wannan bashi ba ya barci. Kana cikin mota kana tafiya, shi yana haihuwa.

Ina samarinmu suka samo wannan dabara ta ƙaura domin araha? Rabinta tsohuwar al'ada ce, zan komo kanta. Rabinta kuwa daga waya ta fito. Suna ganin 'ya'yan Turawa suna ba da labari cewa sun bar ƙasarsu sun koma inda rayuwa take da sauƙi, suna biyan bashinsu a hankali. Labarin ba ƙarya ba ne. A Amurka mutum fiye da miliyan 40 ne gwamnati take bi bashin kuɗin makaranta, jimlarsa ta haura dalar Amurka biliyan 1,600. Waɗansu daga cikinsu sun tafi Meziko, waɗansu Tailan, waɗansu Fotugal, wadda a shekara ta 2022 ta fito da izinin zama musamman domin masu aiki daga nesa. Amma ka lura da abin da ba su cika faɗa ba. Mutumin nan jikinsa ne ya ƙaura, aikinsa bai ƙaura ba. Yana zaune a Meziko da kwamfuta, maigidansa yana Amurka, albashinsa yana zuwa da dala. Yana samu da kuɗi mai ƙarfi, yana kashewa da kuɗi mai rauni, bambancin da ke tsakani shi yake zuba wa bashi. Har ma mutanen birnin Meziko suka fito zanga-zanga a Yuli 2025, suna kuka baƙin nan sun sa kuɗin haya ya fi ƙarfin 'yan gari.

Kai fa? In ka bar Sokode ka tafi Shaki ko Badun, wa zai riƙa aiko maka da albashi daga baya? Ba kowa. Cinikinka a nan ka bar shi, da masu sayenka, da rumfarka. A can kuɗin can za ka samu. Bashinka kuwa da sefa aka rubuta shi, da sefa kuma za a karɓa. Watau kai naka lissafin a juye yake: za ka samu da kuɗi mai rauni, ka biya da kuɗi mai ƙarfi.

Bari in nuna maka da abin da ya faru a idonmu. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, tun 1999 yuro guda sefa 655.957 ne, bai motsa ba. Naira ba haka take ba. A ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, a watan Yuni kuma aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. A farkon shekaran nan, wurin 'yan canji, jaka guda ta sefa wajen naira 1,200 ce. Cikin 2024 ta wuce naira 2,000 da nisa. To, ka ɗauki saurayin da ya tafi da bashin sefa 300,000 a wuyansa. Ran da ya tafi, naira 360,000 za ta fisshe shi. Bayan shekara guda sai ya nemo fiye da 600,000, ko da ba a ɗora masa ruwa ko kaɗan ba. Bai ci ba, bai sha ba, bashinsa ya kusa ninkuwa yana tsaye a gona da fartanya. A Yuli 2024 Nijeriya ta ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000. In ka canja shi a lokacin, bai kai sefa 30,000 ba, wajen rabin na Togo ke nan.

Wanda ya nufi Kumasi ma ya ga irin wannan. A shekara ta 2022 sidi ya zube ƙwarai, a watan Disamba hauhawar farashi a Gana ta wuce kashi 50 cikin 100. Daga baya, a 2025, sidi ya farfaɗo. Wannan kansa abin lura ne: kuɗin da yake hawa da sauka haka, ba ka iya yi wa mai binka alkawarin rana a kansa.

Me ya sa ma gari yake da araha? Ka taɓa tambayar kanka? Kwanon tuwo yana da araha inda hannun da ya tuƙa shi yake da araha. Ɗaki yana da araha inda mutane ba su da abin biya. Mai ziyara da sefa cike da aljihu shi ke jin daɗin arahar nan, kwana bakwai ko goma. Ya komo gida ya ba da labari a rumfar shayi, gaskiya kuwa ya faɗa. Amma ran da sefarka ta ƙare, ka daina zama baƙo mai kuɗi, ka zama ɗaya daga cikin masu arahar hannu, kai ne ma na ƙarshe a layi, gama ba ka da dangi a garin.

Wani zai ce, to, sai in tafi inda ake cin sefa. Ƙasashe takwas ne suke kuɗi ɗaya: Togo, Benin, Burkina Faso, Nijar, Mali, Senegal, Gine Bisau da Kodibuwa. A nan kam babu hasarar canji, wannan gaskiya ne. Samarin yankin Dapaong sun daɗe suna zuwa gonakin koko a Kodibuwa, waɗansu kuwa sun yi rufin kwano da gumin can. Sai dai wannan neman ƙarin samu ne, ba neman araha ba. Abijan ta fi Sokode tsada nesa ba kusa ba. Ka sani kuma, ƙasashen nan suna da ofishin rajistar masu cin bashi wanda bankuna da manyan asusu suke dubawa. Sunan da ya ɓaci a nan yana iya riga ka isa can.

Yanzu, iyaye, ga inda maganar ta iso ƙofarku. Sa'ad da yaro ya hau mota da dare ya kashe waya, bashi ba ya binsa tasha. Gida yake komawa. Asusun haɗin kai ba ya ba da kuɗi haka kawai, sai da mai tsayawa, ko kuwa ƙungiya wadda kowa ya tsaya wa kowa. Wa ya sa hannu? Yayanka mai ɗinki. Wa ya dangwala yatsa? Innarka mai ƙosai. Matan nan biyar ko shida da suka shiga ƙungiya tare da ke, 'yar'uwata, su za a tsare da biya, daga cikin jarin gyaɗa da sabulu. Adashin da ka ɗauka ka gudu, mutum goma ne za su rasa kwanansu, wata a cikinsu kuɗin makarantar ɗanta take jira. Kai kana can kana cewa ka huta da ganin mai binka, tsohuwa tana nan tana sauya hanya in za ta kasuwa domin kunya.

Asusun nan fa ba don su cuci kowa aka kafa su ba. A shekara ta 1969 aka fara na fari a Kougnohou, daga nan abin ya yaɗu har aka sami FUCEC ta yau. Tushensa shi ne talakawa su tara nasu su ranta wa junansu. A 2014 kuma gwamnati ta kafa FNFI domin ƙananan rance ga marasa jari. Kuɗin da ke cikin irin wannan asusu ajiyar maƙwabcinka ce. In mutum goma suka gudu daga unguwa guda, na goma sha ɗaya, wanda bai yi laifin kome ba, shi za a hana.

Na ce zan komo kan tsohuwar al'ada. Mu ba baƙin tafiya ba ne, tafiya ce ta kawo kakanninmu nan. Ayarin goro daga Gwanja ya kan taso daga Salaga, ya ratsa ƙasar Kotokoli, ya bi ta Jugu da Nikki har Kano, wani kuma ya bi ta Mango. Zangunan da muke ciki yau, masaukin fataken nan ne. Su ma da bashi suke tafiya, goron wani, jakin wani. Amma dubi yadda suka yi. Falke ba ya fita a ɓoye. Madugu ya san abin da ke kansa, maigidan da zai sauka wurinsa ya san wanda ya aiko shi, shi ne kuma yake tsaya masa a ciniki. Babu takarda mai hatimi, babu waya, duk da haka kuɗi yana tafiya wata uku ya komo. Abin da ya riƙe wannan duka suna ne. Wanda ya ci amana a Salaga, kafin ya kai Jugu labarinsa ya kai, ba kuwa maigidan da zai shimfiɗa masa tabarma. Har wa yau zango haka yake. Kana tsammani a Kumasi ko Ikko ba wanda ya san ubanka? Kwana uku ya isa a san ɗan gidan wane ne kai, da abin da ya koro ka.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muni, watau a ci sabon bashi domin tafiyar kanta. Mutanen Sokode da Camba sun san oga, mai kwasar samari zuwa gonakin ƙasar Yarbawa. Shi ke biyan mota, shi ke ciyarwa a hanya, kome kuwa yana rubuce a kanka. Ka yi wata tara ko goma kana noma, ba ka riƙe ko sisi ba, a ƙarshe a ba ka babur. In ka sayar da shi domin biyan bashi, ka komo inda ka tashi, shekara ta tafi. 'Yan mata kuma ana kai su aikin gida Labanon ko Kuwaiti, dillali ya ci nasa tun daga nan, a can a karɓe fasfo, a ce watannin fari na kuɗin jirgi ne. Sa'ad da kuɗin Labanon ya karye daga 2019, masu gida da yawa suka kasa biyan dala, a 2020 har aka riƙa ajiye 'yan aiki a ƙofar ofisoshin jakadancinsu da jakunkunansu. Ga kuma abokin da zai kira ka daga wata ƙasa ya ce akwai aiki, amma sai ka zo da kuɗin rajista. Aikin da ake saye da kuɗi tun ba a gan shi ba, ka ji tsoronsa.

Zaman baƙunci kuwa ba shi da tabbas. A Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana, tsofaffin zango suna tunawa. A Janairu 1983 Nijeriya ta yi irin nata. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ka shiga ba biza har kwana 90, bayan wannan sai da takardar zama. A Janairu 2025 kuma Burkina Faso da Mali da Nijar suka fita daga ƙungiyar. Wanda zai bi hanyar Sinkase, ya tambayi halin takardu kafin ya tashi.

Ko ina cewa kada kowa ya tafi? A'a. Gidaje nawa ne a Sokode aka gina da kuɗin Jamus da na Gabon? Wanda yake da sana'a a hannu, da aiki sananne yana jiransa, da maigida sananne, da kuɗin mota nasa na kansa, kuɗin da za a biya shi kuma ya fi sefa ƙarfi ko ya yi daidai da ita, wannan tafiyarsa tana iya biyan bashi. Amma shi ma da rana zai fita. Zuwa da kai ya fi aike. Ka je wurin mai binka tare da wanda ya tsaya maka, ka ce ga abin da ke kaina, ga inda za ni, ga abin da zan iya aikowa kowane wata ta Flooz ko ta Mixx, wadda dā ake kira T-Money. Ku rubuta, shaidu su sa hannu. Malamai za su gaya maka aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani a kan rubuta bashi take, ba kuwa Musulmi ko Kirista da zai ce maka rubutun nan rashin yarda ne. Yawancin masu bin bashi sun fi son kaɗan kaɗan mai zuwa da mai yawa wanda ya ɓata. Asusu ma ya kan yarda a sāke tsara biya in ka zo tun kwanan bai wuce ba. In ya wuce, tara ce take hawa.

In kuwa araha kaɗai kake nema, tana kusa da kai fiye da yadda kake zato, sai dai tana da ɗaci. Ka ɗauki takarda yau da dare, ka rubuta kowane bashi, da mai shi, da ruwansa a wata. Samari da yawa ba su taɓa ganin jimlar abin da ke kansu wuri ɗaya ba, tsoro ya hana su. Wanda ya fi haihuwa, shi za ka fara kashewa, ko da mai shi ba shi ne ya fi surutu ba. Ɗakin hayan da ka kama domin a ce ka girma, ka sake shi ka koma zauren gidanku shekara guda. Babbar wayar nan ka sayar ka riƙe ƙarama. Bikin a ɗaga shi zuwa bayan kaka, iyayen yarinya kuma su rage lissafi, gama 'yarsu ce za ta zauna a gidan da ake ƙwanƙwasawa. Abokai za su yi maka dariya a tasha mako biyu ko uku. A ce kuɗin ɗakin nan sefa 10,000 ne a wata: cikin shekara 120,000 ke nan, ba ka biya mota ba, ba ka biya ɗan canji ba, masu sayenka kuma suna nan inda ka san su.